Illolin Allurar Kashe Ƙwayoyin Cuta ga Dawaki: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Barga a Zariya

Idan Sallah ta matso, ɗawainiyar barga a birnin Zariya takan ninka, domin babu mai son dokinsa ya fita Hawan Sallah, Hawan Bariki ko Hawan Daushe yana tari ko yana ɗingishi. A irin wannan lokaci ne allura take yawaita, kuma a lokacin ne ake yawan jin cewa an yi wa wani doki allura ya faɗi, ko ya wayi gari da kumburi a wuya, ko zawo ya kwantar da shi. Tambayoyin da ke ƙasa irin waɗanda masu dawaki da yaran barga suke yi ne. An amsa su domin mai doki ya gane abin da yake gani da idonsa, ya kuma san lokacin da jinkiri ba shi da amfani.

Wane irin magani ake nufi, kuma me ya sa doki ya fi saniya saurin samun matsala da shi?

Ana nufin magungunan kashe ƙwayoyin bakteriya, waɗanda ake kira antibayotik. Waɗanda suka fi shiga barga a wajenmu su ne fenisilin mai furoken, wato farar allurar nan mai kauri kamar kindirmo, da gaurayen fenisilin da sitireftomaisin da ake sayarwa da suna Penstrep, da jentamaisin, da kuma oksitetrasaikilin wanda masu shanu suka fi sani da LA.

Doki ya bambanta da saniya ta fuskoki uku da suka shafi allura. Ƙwaƙwalwarsa tana saurin harzuƙa da sinadarin furoken. Tsokarsa ba ta jure magani mai zafi kamar yadda tsokar saniya take jurewa. Sannan narkar da ciyawa da harawa a cikinsa yana faruwa ne a babban hanji, inda akwai wata jaka da kan ɗauki kimanin lita 30 a babban doki, cike da ƙwayoyin bakteriya masu amfani, kuma antibayotik ba ya bambance waɗannan da waɗanda aka aike shi ya kashe.

An yi wa dokina farar allura, kafin ma a zare sirinji ya zabura, ya tsinke igiya, yana faɗuwa yana tashi. Me ya same shi?

Mafi yawan lokuta wannan aikin furoken ne, ba aikin fenisilin ɗin kansa ba. Furoken maganin kashe zafi ne da ake haɗawa da fenisilin domin ya riƙe shi a tsoka ya riƙa shiga jini sannu a hankali cikin sa'o'i masu yawa. Idan bakin allura ya huda wata ƙaramar jijiyar jini a cikin tsoka, sai furoken ya kai ƙwaƙwalwa a lokaci guda maimakon ya tafi kaɗan kaɗan.

Alamun sukan bayyana cikin daƙiƙoƙi, ko minti ɗaya zuwa biyu. Dokin zai ɗaga kai, ya zaro ido kamar ya ga abin tsoro, ya yi ta huci, jikinsa ya ɗauki rawa, ya ja da baya ko ya miƙe tsaye a kan ƙafafun baya, wani ya ruga ya bugi katanga kamar ba ya gani, wani kuma ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Wanda bai taɓa ganin haka ba zai rantse dokin ya gama yawo, kuma ba abin mamaki ba ne a ji ana cewa iska ce ko sammu, musamman idan abin ya faru ana jibi hawa kuma dokin abin alfahari ne. Ba za mu yi jayayya da kowa a kan abin da ya yi imani da shi ba, amma idan abin ya fara ne sirinji yana hannu, to a fara duba sirinjin.

Abin da ya kamata a sani shi ne jikin doki yana iya narkar da furoken da sauri, don haka sau da yawa cikin minti 5 zuwa 15 abin yakan fara lafawa, dokin ya tashi yana gumi yana haki, daga baya ya koma cin abincinsa. Akwai waɗanda suke mutuwa, amma babbar ɓarnar ta fi zuwa daga karaya, fashewar kai da sauran raunukan da doki yake ji wa kansa da mutanen da ke kusa da shi.

To me za mu yi a daidai wannan lokaci?

A daina tura maganin nan take, a zare allura idan hali ya yi, sannan kowa ya kauce. Babu ƙarfin ɗan Adam da zai danne doki a wannan hali, kuma yaron da ya naɗe igiyar ragama a hannunsa yana iya rasa yatsunsa. A fitar da yara ƙanana daga wurin, a kawar da bokiti, kwanon dusa da duk wani ƙarfe, a rage hayaniya, a kira likitan dabbobi. Wannan ne ya sa ake so tun farko a yi allurar a fili mai yashi, ba a lungu mai ƙaramar ƙofa ko kusa da kwata ba.

Kada a ɗura masa manja, nono, ruwan kanwa ko wani jiƙo da sunan karya dafi. Maganin yana cikin jini, abin da aka zuba a baki ba zai same shi ba, kuma dokin da ba ya cikin hayyacinsa ba ya haɗiya daidai. Manjan da ya bi ta maƙogwaro ya sauka a huhu yana haifar da ciwon huhu mai wuyar magani, sai a wayi gari dokin da ya tsira daga allura ya mutu ta dalilin taimakon da aka yi masa.

Yaya za a bambance wannan da dokin da jikinsa ne bai karɓi maganin ba?

Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin hukuncin da zai biyo baya ba ɗaya ba ne. Dokin da furoken ya buge yana hauka ne, ƙarfinsa ya ƙaru. Dokin da garkuwar jikinsa ta yi wa fenisilin bore kuwa, ƙarfinsa raguwa yake yi. A mataki mai sauƙi za a ga borin jini, wato ƙananan kumburi masu faɗi a wuya, kafaɗa da haƙarƙari, wani lokaci da kumburin fatar ido da leɓe, cikin mintoci ko sa'o'i kaɗan bayan allura. A mataki mai tsanani numfashi yakan yi wuya har a ji ƙara, gumi ya karyo, dasashi ya yi fari ko ya yi shuɗi-shuɗi, bugun jini ya yi rauni, dokin ya sulale ya faɗi. Wannan yana iya kisa cikin ƙanƙanin lokaci, kuma maganinsa na farko shi ne allurar adirenalin, wadda likita ne ya san adadinta da hanyar da za a bi da ita. Allurar deksa, wato maganin rage kumburi da wasu suke gaggawar ɗaukowa, tana da nata amfanin, amma ba ta da saurin da za ta ceci dokin da numfashinsa ke yankewa.

Dokin da aka tabbatar jikinsa ba ya karɓar fenisilin, ba za a sake yi masa shi ba har abada, haka ma danginsa irin su amfisilin da amoksisilin. Ya kamata a rubuta wannan a ajiye, kuma idan za a sayar da dokin ko a bayar da shi kyauta, amana ce a gaya wa wanda zai karɓa. Wanda furoken ya buge kuwa, ba lalle ne a haramta masa fenisilin ba, sai dai likita yakan gwammace ya sauya masa magani ko ya koma ga fenisilin maras furoken.

Mun sha yi masa wannan allura lafiya lau. Me ya sa sai yau?

Domin duka matsalolin biyu sun fi son allura ta uku ko ta biyar a kan ta farko. Garkuwar jiki sai ta taɓa haɗuwa da magani kafin ta koyi yi masa bore. Shi kuma wurin da aka soka jiya da shekaranjiya ya riga ya kumbura, jini ya ƙaru a cikinsa, don haka damar huda jijiya ta fi yawa idan aka koma wuri guda.

Shin zafin gari yana ɓata maganin?

Ƙwarai kuwa, kuma a ganinmu wannan ne abin da aka fi sakaci da shi a Zariya. An rubuta a jikin yawancin kwalaben fenisilin mai furoken cewa a ajiye su a sanyin digiri 2 zuwa 8, wato a firij amma ba a wurin ƙanƙara ba. Zafi yana sa furoken ya rabu da fenisilin ya narke a cikin ruwan kwalbar, kuma narkakken furoken ya fi saurin shiga jini. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi yake haura digiri 35 a inuwa, kwalbar da ta yi mako a kan taga a ɗakin kwano, ko ta wuni a aljihun babur daga Sabon Gari zuwa cikin birni, ba ita ce kwalbar da kamfani ya yi ba, ko da kwanan watan lalacewarta bai zo ba.

Mun san wutar lantarki ba ta tsayawa. Wanda ba shi da firij mai aiki ya sayi abin da zai ƙare cikin kwanakin jinya kawai, ya saye shi a shagon da ya ga an ciro shi daga sanyi, ya ɗauko shi a cikin kula mai ƙanƙara. Gindin randa ya fi kan taga, amma bai kai firij ba. A duba lambar rajistar NAFDAC, a girgiza kwalbar sosai har farin da ya kwanta a ƙasa ya gauraye, kuma idan ya dunƙule ya ƙi gaurayuwa ko launinsa ya sauya, a zubar.

A ina ya dace a soka allura, kuma yaya ake kauce wa jijiya?

Wurare uku aka fi amincewa da su. Na farko shi ne gefen wuya, a wani fili mai kusurwa uku da ke gaban kafaɗa, ƙasa da layin geza da kimanin faɗin tafin hannu, kuma sama da ƙasusuwan wuya, waɗanda a doki suke bin ƙasan wuya ba samansa ba kamar yadda mutane da yawa suke zato. Na biyu shi ne naman bayan cinya, ƙasa da gindin wutsiya, wanda ya fi kowane wuri ɗaukar magani mai yawa, sai dai mai yin allurar yana cikin hatsarin harbi, don haka ya tsaya a gefe ya manne da jikin dokin. Na uku shi ne naman ƙirji, wanda yake saurin kumbura amma idan ya yi ƙurji mugunya tana zuba ƙasa cikin sauƙi. Saman kuturi, inda aka saba yi wa shanu, shi ne mafi munin wuri idan ƙurji ya taso, domin mugunyar ba ta da hanyar fita sai dai ta nutse cikin nama.

Yadda ake yi shi ne a soka allurar har gindinta, a ja bakin sirinji baya a duba. Idan jini ya bayyana, ko da ɗigo ne, a zare a sauya allura a sauya wuri. Idan doki ya motsa ana tsakiyar turawa, a sake ja a duba, domin bakin allurar ya riga ya gusa. Farar allura tana da kauri, shi ya sa ake amfani da allura mai lamba 18, mai tsawon inci ɗaya da rabi, kuma sabuwa ga kowane doki a kowane karo.

Akwai kuma batun yawa. Adadin fenisilin mai furoken da likitoci suka saba bai wa doki shi ne yunit 22,000 ga kowane kilo na nauyinsa, sau biyu a rana. Dokin da ya kai kilo 350, idan kwalbar mai yunit 300,000 ce a kowace mililita, zai buƙaci kusan mililita 26 a karo guda, alhali ba a so a zuba fiye da mililita 10 zuwa 15 a wuri ɗaya. Dole ke nan a raba gida biyu, a kuma riƙa juyawa tsakanin dama da hagu. An kawo wannan lissafi ne domin a ga dalilin rabawa, ba domin kowa ya zama likitan kansa ba, tun da ƙarfin kwalabe ya bambanta, kuma yawancin dawakinmu na Arewa ba su kai dawakin folo da ake shigowa da su daga Ajantina nauyi ba.

Ƙa'ida guda ba ta da togiya: farar allurar fenisilin ba ta shiga jijiya. Fenisilin da ake yi ta jijiya wani ne daban, gari ne da ake narkarwa ya zama garau kamar ruwa. Allurar jijiya ma gaba ɗayanta a bar wa wanda ya koya, domin a ƙarƙashin jijiyar wuya akwai babbar hanyar jini da take tafiya kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa, kuma maganin da ya shiga cikinta yana kayar da doki kafin mai allura ya ja da baya.

Wurin da aka yi allura ya kumbura. Yaushe ne abin damuwa?

Ƙaramin kumburi mai ɗan zafi, wanda bai hana doki ci da sha ba, abu ne da aka saba gani, kuma yakan sace cikin kwana biyu ko uku idan ana gasa shi da tsumma mai ɗumi. Idan wuyan ya sage har doki ba ya iya sunkuyawa, a ɗaga masa abinci da ruwa zuwa tsayin ƙirjinsa, domin wani dokin ba ƙin ci yake yi ba, kaiwa ƙasa ne ya gagare shi. Kumburin da ya yi mako yana girma sannan ya yi laushi a tsakiya ƙurji ne, likita zai tsaga ya wanke.

Wanda ake tsoro shi ne kumburin da ke yaɗuwa ana kallonsa, cikin kwana ɗaya zuwa uku bayan allura, mai tsananin zafi, tare da zazzaɓi da mutuwar jiki, wanda idan aka danna shi da yatsa za a ji iska tana ƙara a ƙarƙashin fata kamar ana murza leda. Wannan ruɓewar tsoka ce da ƙwayoyin kulostiridiya suke haddasawa, dangin waɗanda ke kawo harbin daji ga shanu. Suna rayuwa ne inda babu iska, kuma naman da magani ya ƙona ya zame musu wurin hayayyafa. Ba antibayotik kaɗai ke jawo wannan ba, hasali ma an fi saninsa da maganin ciwon ciki mai suna fuluniksin, wanda ake sayarwa da suna Banamine, idan aka yi shi a tsoka. Jinyarsa ta haɗa da tsaga fata da nama a wurare da dama domin iska ta shiga, da fenisilin mai yawa ta jijiya. Wanda ya ce bari a ga abin da gobe za ta yi, yawanci ba ya samun dokin da zai kai asibiti.

Ma'aunin zafi na kemis ya isa a gane zazzaɓi. Zafin jikin lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5, bugun zuciyarsa 28 zuwa 44 a minti, numfashinsa 8 zuwa 16 idan yana hutawa.

Kwana uku da fara allura sai zawo ya kama shi. Akwai alaƙa?

Akwai, kuma a dakatar da maganin a nemi likita a ranar. Faɗuwar doki a gaban jama'a ita ce ake ba da labarinta a majalisa, amma wannan zawon da yake farawa shiru cikin dare ya fi ta hatsari nesa ba kusa ba. Idan antibayotik ya kashe ƙwayoyin da ke narkar da abinci a babban hanji, sai miyagu irin su salmonela da wasu nau'o'in kulostiridiya su samu fili, su fitar da dafi, bangon hanji ya kumbura ya riƙa zubar da ruwa. Babban doki yana iya rasa ruwa lita da yawa a wuni guda, fiye da abin da zai iya mayarwa ta baki, shi ya sa jinyar take buƙatar ƙarin ruwa ta jijiya.

Alamun farko sukan riga zawon zuwa: doki ya bar dusarsa, ya yi shiru, ya riƙa waiwayen cikinsa, jikinsa ya yi zafi, dasashinsa ya yi ja ƙwarai. Dafin da ya shiga jini yana iya sauka a ƙafafu ya kumbura naman cikin kofato, sai a ga doki yana tsayawa ya miƙa ƙafafun gaba yana jingina da na baya, kuma wannan kan bar shi da gurguntaka ko da cikin ya warke.

Hatsarin yana ƙaruwa ga dokin da ya sha doguwar tafiya a mota, ko aka sauya masa abinci kwatsam, ko ya wuni bai ci ba. Sabon dokin da aka sauke daga kasuwar Maigatari, ko wanda ya dawo daga wasan folo a Kaduna ko Katsina, ya haɗa duka ukun, kuma abin takaici shi ne ake fara tara da allura da sunan wanke masa jiki. Dokin da ke zawo a ware shi daga sauran, a ware masa bokiti, mai kula da shi ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, domin salmonela tana kama mutum.

Akwai magungunan shanu da kaji da ba a yi wa doki sam?

Akwai, kuma tun da shago ɗaya ne yake sayar da na kowa, kuskuren yana da sauƙi. Tailosin, wanda masu shanu da awaki suke yawan amfani da shi wajen ciwon huhu, an san allurarsa ta kashe dawaki, kuma masu yin sa sukan rubuta wannan gargaɗi a takardarsa. Haka tilmikosin, wanda ake sayarwa da suna Micotil, yana taɓa zuciya, ya kashe dawaki, ya kuma kashe mutanen da suka soki kansu da shi bisa kuskure. Linkomaisin da kilindamaisin suna haddasa zawon da aka bayyana a sama a mafi munin kamanninsa. Doksisaikilin ana ba doki ta baki, amma ta jijiya yana tsayar da zuciya.

LA yana tsaka-tsaki, shi ya sa ya fi ruɗar mutane. Likitoci suna amfani da oksitetrasaikilin ga doki, amma sukan tsarma shi su tura ta jijiya a hankali ƙwarai, domin idan aka tura da sauri yana kama sinadarin kalsiyam na jini, doki ya yanke jiki ya faɗi. Mai kauri na shanu kuwa, wanda aka yi domin ya daɗe a tsoka, yana ƙona naman doki ya bar kumburi mai ciwo. Cewa ya yi wa bijimi aiki ba hujja ba ce.

Wani haɗin da ya kamata a sani: maganin salfa mai tirimetofirim, idan aka yi shi ta jijiya ga dokin da aka kwantar wa hankali da ditomidin ko danginsa, yana rikita bugun zuciya har ya kai ga mutuwa. Saboda haka idan likita ya zo, a gaya masa duk abin da aka riga aka yi wa dokin, ko da wani ne ya yi a ɓoye.

Me ya sa likita ya ce sai doki ya sha ruwa sosai kafin a yi masa jentamaisin?

Domin ƙoda ce take fitar da shi, kuma idan ruwa ya yi ƙaranci a jiki yana taruwa a cikinta ya lalata ta. Ana yin sa sau ɗaya a rana, kimanin miligiram 6.6 ga kowane kilo, domin ƙodar ta samu hutu tsakanin allura da allura. Dokin da ya wuni cikin rana ɗauke da sirdi da kayan ado, ya yi gumi ya bushe, sannan aka haɗa masa jentamaisin da maganin ciwon gaɓoɓi irin su fenilbutazon, an ɗora wa ƙodarsa kaya biyu a lokacin da ta fi rauni. Lalacewar ba ta nuna kanta da wuri, gwajin jini ne yake fara gano ta.

Bayan mako guda ana fenisilin, idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi duhu. Ciwon kaska ne?

Yana iya zama shi, domin ciwon da kaska ke sa wa dawaki ya zama ruwan dare a Arewa kuma alamunsa ke nan. Amma akwai wata illa ta fenisilin da ba a cika gani ba, inda maganin yake manne wa jajayen ƙwayoyin jini, garkuwar jiki ta ɗauke su baƙi ta shiga farfasa su. Da ido ba za a iya rarrabewa ba, sai an ɗebi jini an duba. Idan fenisilin ne, dakatar da shi shi ne rabin magani. Idan kuwa aka yi zato aka ƙara masa allurar kaska a kan wadda ake yi, an ƙara masa wahala ne kawai, domin ita ma tana da nata illolin ga cikin doki.

Goɗiya mai ciki da ɗan duƙushi fa?

Fenisilin yana cikin waɗanda aka fi amincewa da su ga goɗiya mai ciki. Wanda za a kiyaye shi ne enirofuloksasin, maganin da masu kaji suka sani sosai, domin yana lalata guringuntsin gaɓoɓin duƙushi mai tasowa. Wuyan jariri kuma ba shi da naman da zai ɗauki allura, kuma idan ya yi ciwo zai daina ɗaga kai ya kama nono, don haka bayan cinya ake yi masa.

Ba gara a yi masa allura kafin hawa ba, don kariya?

A'a. Antibayotik ba rigakafi ba ne, ba ya ƙara ƙarfi, ba ya sa ƙiba, kuma ba ya zama a jiki ya jira cutar da ba ta zo ba. Yawancin tari da majinar da ke zagaya barga lokacin hunturu, ko bayan dawaki sun cakuɗu a wurin hawa, ƙwayar bairas ce take kawo su, wadda fenisilin ba ya taɓawa, kuma abin da suke buƙata shi ne hutu da kauce wa ƙura. Allura guda ta kwana ɗaya ba ta gama da cuta, sai dai ta koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, ta kuma jefa lafiyayyen doki cikin duk hatsarin da aka lissafa a wannan shafi ba tare da wata riba ba. Wanda yake da kuɗin kashewa kafin Sallah ya kashe su a kan rigakafin sarƙe haƙora, wanda dawaki suka fi yawancin dabbobi saurin kamuwa da shi ta raunin ƙusa ko na kofato, da maganin tsutsar ciki, da gyaran kofato.

Masu wasan folo da sukuwa su kuma lura cewa furoken maganin kashe zafi ne, yana daɗewa a jiki har makonni, kuma a gasar da ake gwajin dawaki ana ɗaukarsa haramtaccen sinadari.

Idan abin ya faru, ina za mu nufa, kuma me za mu tafi da shi?

Zariya ta yi dace ta wannan fuska, domin Jami'ar Ahmadu Bello tana da tsangayar koyon likitancin dabbobi da asibitin koyarwarta a Samaru, ban da likitoci masu zaman kansu da ma'aikatan dabbobi na gwamnati. Ya kamata lambar wayar likita ta kasance a hannun yaron barga tun kafin a buƙace ta, ba a wayar maigida kaɗai ba, wanda wataƙila yana Abuja lokacin da dokin ya faɗi. Dokin da ke tangaɗi ko numfashinsa ke sarƙewa ba a loda shi a mota, likita ake kawowa.

A ajiye kwalbar da kwalinta, da sirinjin da aka yi amfani da shi, kada a jefar don tsoron faɗa. A faɗi ƙarfe nawa aka yi allurar, mililita nawa, a wane wuri, karo na nawa ke nan, ina aka ajiye kwalbar, da minti nawa ko kwana nawa suka wuce kafin alamun su fara, domin wannan tazara ita ce ta fi komai nuna wa likita irin illar da yake fuskanta. Idan akwai wanda ya ɗauki bidiyo da waya daga nesa, a nuna masa. Idan dokin ya mutu, a sanar da likita kafin a binne, domin binciken gawa a sa'o'in farko yana iya nuna ko allurar ce ko cutar da ake jinya tun asali. Idan kuma dawaki biyu ko uku suka samu matsala daga kwalba guda, a daina amfani da ita, a rubuta lambar rukunin da ke jikinta, likita ya kai rahoto ga NAFDAC, wadda ita ce ke da alhakin sa ido a kan magungunan dabbobi da na mutane a Nijeriya.